Hular Don Abelardo a Kan Tebur

Ranar Lahadin da ta faɗo tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, shekara guda bayan gobarar da ta cinye gangaren yamma, rana ta fito da fushinta tun da sassafe. Babu gajimare ko ƙyalle a sama. Ƙanƙarar da ta rage a kan duwatsu tana ta narkewa, ƙoramun ban-ruwa sun cika har baki da ruwan da ke sa haƙori tsami don sanyi, ƙudajen shanu kuwa sun fito cizo tun kafin a kaɗa ƙararrawar coci. Disambar kwarinmu ke nan, tsakiyar zafi.

Don Abelardo Mansilla ya ja ƙofarsa wajen ƙarfe goma, ya gyara zaman baƙar hularsa, ya kama hanyar zauren manoma. Kwana uku ke nan bai kurɓi shayin mate ba, bai taɓa taba ba, bai ci abin da tafarnuwa ko barkono ya shiga ba. Ranar Kirsimeti, maƙwabta na gasa rago a tsakar gida, shi dafaffen dankali ya ci da burodi. Haka yake yi duk shekara, shekara ashirin da biyu, domin shi ne babban alƙalin ɗanɗanon giya na kwarin, kuma ya ce harshen da aka ƙona da shayi ba ya faɗin gaskiya.

Ba ɗan kwarin ba ne. A can fili aka haife shi, inda babu komai sai iska da tumaki, aji biyu ya yi a makaranta aka cire shi don kiwo. Yana da shekara goma sha shida ya biyo wata motar ulu ya sauka El Bolson, garin kwarinmu, ya samu aiki a gonar lufulo, furen nan da ake zuba wa giya don ɗaci da ƙamshi. Ya ɗaura igiyoyin da ganyen ke hawa, ya yi noma, ya yi girbi, daga baya aka kai shi ɗakin busarwa. A nan aka gane baiwar da Allah ya yi masa. Furen lufulo in bai bushe ba ya ruɓe a buhu, in ya wuce ƙima ƙamshinsa ya gudu, tsakanin biyun kuwa ɗan lokaci ne kamar ƙiftawar ido. Wasu na duba agogo, wasu na duba ma'aunin zafi. Abelardo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska sau ɗaya, ya ce, "A kashe wuta." Shekara arba'in da ɗaya bai ƙona ko buhu ɗaya ba. Maigidansa yakan ce da ana sayar da hanci a kasuwa, da na Abelardo ya fi tarakta tsada.

Mutum ne marar yawan magana. In ka gaishe shi ya amsa, in ka tambaye shi sai ya ɗan jima kafin ya ba ka amsa, har ka zaci bai ji ba. Matarsa Zulema ce mai surutun gidan, ita ke yin nata ta yi nasa. Ba su samu haihuwa ba, ba kuma wanda ya taɓa jin sun yi ƙorafi.

Shekarun da abubuwa suka taɓarɓare a ƙasar, masu gonaki suka rasa mai sayen furensu, sai mutanen kwarin suka fara dafa giya a gida, a tukwanen da ake dafa madara. Irin da suka fi yi ita ce farar nan mai launin zuma, wadda ake cika wa lufulo har ka ji ƙamshinta kafin kofin ya iso bakinka. Kowa ya ce tasa ta fi. Gardama ta yi gardama, har wata Lahadi bayan Kirsimeti mutum bakwai suka jera kwalabensu ƙarƙashin bishiyar gyaɗar Turawa da ke gaban zauren manoma, suka kira Abelardo ya raba su. Daga nan abin ya zama al'ada. Wanda giyarsa ta zo ta ɗaya, ita ake sha a walimar sabuwar shekara, a kuma ƙona sunansa da ƙarfe a jikin allon katakon da ke bangon zauren.

Al'ada kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, sai da ƙa'idojinta. Alƙalai uku ne. A bayan labule ake zuba giyar, a kawo ta a tambulan mai lamba, alƙali bai san ta wane ce ba. Kofi ɗaya ake ba kowace giya, abin da ya fito daga kwalbar shi ke nan. Hanya ɗaya ce tak ta sake ba wata dama: alƙali ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Ma'anarsa ya ce kwalbar ce ta yi wa mai giya ƙarya, a kawo wata. In ta biyun ta fito da kyau, ya ɗauki hularsa. In ta fito kamar ta farko, a rataye hular a ƙusa a jikin bango, shi kuma ya bar kujerar har abada. Huluna biyu ne a jikin bangon nan, ƙura ta rufe su, masu su duk sun rasu. Abelardo bai taɓa cire tasa ba.

Akwai abin da ba wanda ya sani a ranar. Hancin Don Abelardo yana mutuwa.

Bayan rasuwar Zulema da 'yan watanni ya fara lura. Wata safiya ya ɗora madara a wuta ya zauna yana gyaran igiya a gefe, bai farga ba sai da hayaƙi ya cika ɗakin, tukunyar ta yi baƙi ƙirin. Shi da yake jin ƙaurin madarar maƙwabta daga gadonsa. Ya ɗauko gwangwanin da yake ajiye busasshen furen bara, ya murza a tafin hannu, ya kai hanci. Ya ji wani abu, amma daga nesa, kamar muryar mutum a ƙetaren kogi. Tun daga ranar yake gwada kansa kowace safiya, muryar kuwa kullum ƙara nisa take. Harshensa yana nan, yana bambanta ɗaci da ɗaci. Amma rabin alƙalancin wannan giya a hanci yake. Bara ya lallaɓa ya wuce da dabara. Bana kuma matasan masu giya sun matsa sai an kawo alƙali mai takardar shaida daga birnin Bariloche, don a cewarsu zamani ya canja. Ya gane ma'anar. Abin da yake tsoro ɗaya ne: kada a gane a gaban jama'a cewa kujerar da yake kai ta fi ƙarfinsa, a sauke shi kamar tsohon buhu.

Hanyarsa ta bi ta bayan zauren, inda ƙoramar ban-ruwa ke wucewa. Ya hangi wani abu na ƙyalli a cikin ruwan. Kwalabe biyu ne farare tas, irin na giyar tuffa, an ɗaure wuyansu da zare a jikin wani turke, suna kwance a wurin da ruwan bai kai taƙi ɗaya ba, rana na dukansu kai tsaye. Bai ko tsaya ba. Duk gidan da ke kwarin haka ake sanyaya giyar tuffa tun kaka da kakanni. Ya ce a ransa wani ya kawo ta don abincin rana, ya wuce.

Zauren ya cika. Kayan adon Kirsimeti na nan a rataye, an tura teburori gefe, mata na yanka ragowar burodi mai zabibi. Don Lisandro Roa, shugaban manoma kuma alƙali na biyu, ya tarye shi da hannu biyu.

"Ga mai azumi ya iso! Abelardo, dubi yadda ka rame. Rago guda na ci a madadinka ranar Kirsimeti, kada ka ce ban yi maka zumunci ba."

"Na gani a tumbinka," in ji Abelardo.

Aka yi dariya. Lisandro ya ja shi wurin wata mace da ba ta wuce shekara arba'in ba, mai gajeren gashi, da littafi da alƙalami a hannu.

"Ga Malama Delfina daga Bariloche. Ta yi karatun abin nan har ƙasar waje. Malama, wannan shi ne hancin kwarinmu."

"Na sha jin labarinka, Don Abelardo," in ji ta, ta miƙa masa hannu da ladabi.

Kafin ya amsa, Bruno ya sako baki daga baya. Bruno shi ne babba a cikin matasan masu giya, ƙato mai gemu har ƙirji, yana da tukwanen ƙarfe masu sheƙi da ya yi odarsu daga birni, bakinsa kuma ba ya rufuwa.

"Baba, yau fa da biro ake alƙalanci, ba da shaƙe-shaƙe ba. In kana so in ara maka tabarau."

"Ara wa giyarka," in ji Abelardo a hankali. "Bara ba ta ga hanya ba."

Zauren ya ɗauki shewa. Bruno ya dafe ƙirji kamar an harbe shi, yana dariya.

Da rana ta take tsaka aka fara. Giya tara ce. Aka ajiye wa kowane alƙali ruwa da busasshen burodi na goge baki. Kofin farko ya fito daga bayan labule. Delfina ta ɗaga shi ta duba haske, ta juya shi, ta shaƙa sau uku gajeru, ta kurɓa, ta rubuta layi huɗu. Lisandro ya shanye rabi ya ce ba laifi. Abelardo ya rufe bakin kofin da tafinsa kamar yadda ya saba, ya ɗan girgiza, ya buɗe ya kai hanci. Shiru. Ya daɗe a haka don kada a gane, sannan ya kurɓa. Harshe ya gaya masa an ƙona sha'ir ɗin kaɗan. Ya faɗa, Delfina ta duba littafinta ta gyaɗa kai. Ta biyu ta yi zaƙi da yawa, ba a bari ta nuna ba. Ta uku kuwa gyararriya ce, kumfarta ta tsaya kamar audugar da aka shiƙa, ɗacinta daidai wa daida. Delfina ta ce tana jin ɓawon lemo a cikinta. Abelardo ya ce, "Haka ne," zufa na bin bayansa.

Sai kofi na huɗu ya fito.

Tun kafin a dire shi Lisandro ya kau da kai. "Kai! Wa ya kashe bodari a bayan labulen nan?"

Warin ya kai har layin gaba. Mata suka toshe hanci da gefen gyale, wani daga baya ya ce a buɗe tagogi. Delfina ta shaƙa sau ɗaya, ta ajiye, ta ja layi a littafinta.

Abelardo ya kai kofin hancinsa. Wannan kam ya ji shi, don warin bodari ko gawa ta ji. Abin mamaki sai ya ji wani daɗi ya ratsa shi, shekara biyu rabon da wani wari ya iso masa kai tsaye haka. Ya kurɓa. Ya bar ta a bakinsa, ya haɗiye, ya jira. Ɗacin ya zo a tsanake, ya zauna a bayan harshe, ya tashi ya tafi bai bar datti ba. Babu tsami, babu ƙauri, babu ɗanɗanon tukunyar da ba a wanke ba. Hannun da ya dafa wannan giya hannu ne mai tsafta da haƙuri. To daga ina warin? Ruwa ba ya tsami banza. Ya ɗaga kofin ya dubi launinsa, launin zuma, launin giyar tuffa. Nan take fararen kwalaben nan biyu suka faɗo masa a rai, suna ƙyalli a ƙorama. Duk wanda ya yi aikin lufulo ya san furen nan ba ya shiri da hasken rana. Giyar tuffa ta kwana uku a rana ba abin da zai same ta, amma wannan, ko rabin sa'a ta yi a farar kwalba ta zama bodari. Shi ya sa ake zuba ta a baƙar kwalba. Kuma shi da kansa ya wuce su da safe bai ce komai ba.

"Mu wuce ta biyar," in ji Lisandro.

Abelardo ya dubi bango, inda hulunan nan biyu suke. Bai san abin da ke ƙarƙashin warin ba. Harshe ya ce mai kyau ce, amma harshe rabin shaida ne, hancin da zai cika shaidar kuwa babu shi. Wataƙila ma ba kwalaben ƙoramar ba ne. In ya yi shiru ba mai zarginsa, ya ƙarasa ranar lafiya ya koma gida da kujerarsa. Ya ɗan jima kamar yadda ya saba. Sannan ya kai hannu ya cire hular, ya ajiye ta a gaban kofi na huɗu.

Kowa ya zuba masa ido. Da yawa a wurin ba su taɓa ganin sanƙonsa ba.

"Abelardo," in ji Lisandro da ƙaramar murya, "zafin rana ne ya taɓa ka? Mayar da abin nan, ba wanda ya gani."

"Kowa ya gani."

"A kan bodari za ka jefar da shekara ashirin da biyu?"

"A kira mai lamba huɗu."

Delfina ta ce, "Don Abelardo, ka yi mini haƙuri, amma inda na koya, abin da ke cikin kofi shi ake yanke wa hukunci."

"Gaskiyarki, Malama. Sai dai abin da ke cikin kofin nan aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya dafa, ɗaya ya ɓata. Wanda ya ɓata yana sama, ba ya cikin gasa."

Lisandro ya ja dogon numfashi, ya ɗaga murya ya ce mai lamba huɗu ya miƙe. Aka yi ta waige-waige. Can a ƙarshen benci, kusa da ƙofa, wata tsohuwa ta miƙe tana murza bakin rigarta. Donya Eufemia ce, gwauruwar da ke zaune a gangaren yamma. Shekara hamsin tana matsar tuffa, ba gidan da bai sha giyar tuffarta a biki ba, har gobarar bara ta cinye mata bishiyoyi sittin a yini ɗaya. Maƙwabta ne suka ba ta sha'ir da furen lufulo don kada ta zauna hannu rabbana, ta yi ta tambaya tana gwadawa duk damina. Ba wanda ya san ta shiga gasar.

"Donya Eufemia," in ji Abelardo, "ina kika ajiye kwalabenki da safe?"

"A ƙorama, Don Abelardo. Na tarar firjin zauren cike da naman walima, na ce kada in dami mutane. Jiya da na ɗanɗana ba haka take ba, na rantse da kabarin mijina."

"A farar kwalba?"

"Su gare ni. Su kaɗai wuta ta bar mini."

Wani ya fara dariya, matarsa ta zungure shi ya haɗiye.

"Akwai saura a gida, wadda ba ta ga rana ba?"

"Akwai, a ramin ajiya. Amma tafiyar sa'a guda ce da rabi a ƙafata."

Sai ga Bruno ya miƙe yana kaɗa makullin motarsa. "Taso, Inna, mu je. Ni dai so nake in ga hular Baba a ƙusa, ba zan iya jiran sa'a uku ba."

"Ka jiƙa buhun ashasha ka naɗe ta tun a cikin ramin," in ji Abelardo. "Kada ko wuyanta ya leƙo."

"To, ranka ya daɗe. In sa mata tabarau ma?"

Suka fita, a-kori-kurar Bruno ta tayar da ƙura. Aka ci gaba da sauran biyar ɗin, Abelardo na ɗanɗanawa kai ba hula. Da aka gama ta tara ba su dawo ba, sai aka fita shan iska. Ya zauna a gindin bishiyar da aka fara gasar a ƙarƙashinta. Delfina ta zo ta zauna a gefensa, ta rufe littafinta.

"Na san rana na yin haka," in ji ta. "Yana cikin darasin farko. Abin da ban gane ba shi ne yadda ka ji ƙamshin da ke ƙarƙashin warin. Ni ban ji komai ba sai bodari."

Ya daɗe yana kallon gonakin lufulo, inda ganyen ya kusa kaiwa ƙarshen igiya.

"Ban ji ba, Malama."

"Ban gane ba."

"Hancin nan da aka ce kin ji labarinsa, ya riga ni tafiya. Shekara biyu ke nan. Ɓawon lemon da kika ce kin ji a ta uku, bakinki na bi." Ya shafa sanƙonsa. "Ke ce ta farko da na gaya wa. Ko kabarin matata ban gaya wa ba."

Delfina ta ce, "To don me ka ajiye hular?"

"Na ga kwalaben da safe na wuce su. Da na tsaya na jefa musu buhu, da ba a yi haka ba. Kuma ɗacinta mai tsafta ne." Ya ɗan yi murmushi. "In an rataye hular, an rataye ta a kan gaskiya. Dama ta daɗe ba tawa ba ce."

Ƙarar mota ta katse su. Bruno ya sauko rungume da jiƙaƙƙen buhu kamar mai ɗauke da jariri, yana ihu a ba shi hanya kada rana ta ga amarya. Donya Eufemia na biye da shi.

Aka koma ciki. Aka buɗe kwalbar a bayan labule, aka kawo kofuna uku. Kumfa ta tashi fara sol. Abelardo ya rufe kofinsa da tafi, ya girgiza, ya buɗe, ya kai hanci. Babu bodari. Babu kuma komai, sai muryar nan ta ƙetaren kogi. Ya ɗaga ido ya dubi Delfina, duk zauren kuwa shi suke kallo.

Delfina ta shaƙa sau uku. Ta rufe ido ta sake shaƙa. Ta ajiye alƙalaminta.

"Ƙaron itacen fir na kan duwatsu," in ji ta da ƙarfi yadda kowa zai ji, amma shi take kallo. "Ciyawar da aka yanka bayan ruwan sama. A can ƙasa kuma wani abu kamar tuffa, ban san daga ina ya zo ba."

"Gangar da nake matsar tuffa ce na dafa a gefenta," in ji Donya Eufemia.

Abelardo ya kurɓa. Ɗacin nan ne dai, ya zo a tsanake ya tafi bai bar datti ba. Lisandro ya shanye nasa tas ya nemi ƙari, aka ce masa ƙa'ida ta hana. Delfina ta ɗauki hular da hannu biyu ta miƙa masa.

"Ɗauki kayanka, Don Abelardo."

Zauren ya ɓarke da tafi. Donya Eufemia ta zauna a benci ta rufe fuska da gyale. Bruno na cewa shi an cuce shi, ya ƙona mai a banza.

Ba a yi masa cutar ba kuwa, domin da aka haɗa ra'ayin alƙalai, lamba uku ce ta zo ta ɗaya, lamba uku kuma tasa ce. Ta Donya Eufemia ta zo ta biyu, don kumfarta ba ta daɗe kamar tasa ba, Abelardo da kansa ya faɗi hakan. Sunan Bruno aka ƙona a allo. Amma ranar walima shi ya ɗauko akwatunan Donya Eufemia a motarsa, naɗe da buhuna, aka jera su kusa da nasa, kuma nata suka riga ƙarewa. Bayan sati ya kai mata baƙaƙen kwalabe ɗari biyu, ya ce sun cika masa ɗaki.

A ranar gasar dai, bayan an gama tafi, Abelardo ya sa hularsa ya miƙe tsaye. Bai saba magana a taro ba, don haka aka yi shiru.

"Jama'a, hancina ya yi ritaya tun shekara biyu, bai sanar da ni da wuri ba, ni ma ban sanar da ku ba. Wannan laifina ne. Baɗi ku nemi wani." Ya taɓa bakin hular. "Amma wannan da ita zan tafi gida."

Lisandro ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Sai ya juya wajen mata ya ce a kawo wa mutumin nan shayin mate mai zafi da ragowar rago, a kuma zuba masa tafarnuwar shekara ashirin da biyu.

Don Abelardo yana nan da ransa, shekararsa saba'in da takwas, a gidansa na bakin gonar lufulo. Yana cin rago ranar Kirsimeti kamar kowa. Delfina ce ke kan kujerarsa, takan biya ta gaishe shi duk zuwanta. Huluna biyu ne har yanzu a bangon zauren. Ranar gasa kuma, tun ƙarfe takwas za ka same shi zaune a bakin ƙoramar bayan zauren da tulin buhunan ashasha a gefensa, duk kwalbar da aka sa a ruwa sai ya rufe ta.